Ranar da na ajiye madubi

Samarin nan masu gyaran waya a bakin tasha sukan shigo zaurena su sha inuwa. Su kalli tsofaffin talabijin da na jera a jikin bango, su ce, "Iya, ai aikinku na da can ba shi da wuya. Abu ƙato haka, ko da lalube mutum ya gano inda ya lalace." Ba na musu da su. Cewa kawai nake su janye ƙafafunsu daga wajen kwalaben talabijin ɗin. Amma tunda sun dame ni da tambayar yadda aka yi mace ta shiga wannan sana'a a Nguru, ga shi na rubuta da ɗan karatuna, wanda ko firamare ban ƙarasa ba.

Ban fara da ƙarfen dalma ba, da madubi na fara. Maigidana, wanda garin duka ke kira Mai Rediyo, ni kuwa Malam nake ce masa, a zauren gidanmu yake aiki, ba nisa da tashar jirgin ƙasa. A Kano ya koyo. Da talabijin ta fara shiga gidajen 'yan kasuwa da ma'aikata, ita ma aka riƙa kawo masa. To ita talabijin, hoto yana gaba, aiki yana baya. Ba yadda za a yi mutum ya sa hannu a baya kuma ya leƙo fuska. Sai an sa madubi a gaba, mai gyara yana murɗawa yana kallon hoton ta ciki. Wasu jingine shi suke yi da bango. Malam ya ce jinginannen madubi ba ya bin ido. Ya ciro na kayan ɗakina, ya saki labulen zaure, ya kira ni.

"Karkata. Ba haka ba, ƙasa kaɗan. Ke, hannunki ne ke rawa ko hoton?"

"Hoton ne."

"To tsaya haka."

A tsayuwar nan na koyi aikin, ba tare da kowa ya ce yana koya mini ba. Wanda ya daɗe yana kallon hoto mai rawa zai gane cewa rawar ba iri ɗaya ba ce. Akwai hoton da ke gudu sama kamar ana jan guga, wannan maɓalli ne kawai a baya, murɗa shi za ka yi. Akwai wanda ke tsukewa ya buɗe, wannan ba laifin akwatin ba ne, injin wuta ne ya gaji. Sai kuma mai ɗaukewa ya dawo idan an mari akwatin a gefe. Shi wannan dalma ce ta tsage a ƙafar wani abu a ciki, marin yana haɗa ta na ɗan lokaci, yana kuma ƙara tsaga ta. Wani mai sayar da fata ya taɓa kawo tasa, Malam ya ce, "Alhaji, tun yaushe kake dukanta?"

"Ni? Ko yatsa ban taɓa ɗora mata ba."

Malam ya juya masa gefen akwatin. Shatin tafin hannu ne a jiki, har fentin ya goge.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Wuta ba ta zama, don haka ƙarfen narka dalma a garwashi muke gasa shi, a kan murhun da nake dafa shayi. Ni ke fifita wutar. Idan ya yi ja sosai ya ƙona hanyar tagullar da ke jikin faranti, wanda kayan cikin akwatin ke manne a kai, idan bai yi zafi ba dalma ta dunƙule ta ƙi kamawa. Malam kusa da kumatunsa yake kai shi ya ji zafin. Akwai mita, da filaya, da tsohon buroshin haƙori na wanke faranti da fetur, da doguwar sukudireba wadda ya naɗe ƙotarta da robar tayar keke.

Wannan sukudireba ita ce ta sauke wuta. Abin da samarin yanzu ba su sani ba, kwalbar talabijin, wato gilashin da hoto ke fitowa a fuskarsa, tana riƙe wuta a cikinta ko an zare ta daga bango, ko ta kwana biyu a ajiye. A ƙeyarta akwai wata roba a manne kamar ƙahon wanzami. Sai ka ɗaura waya a jikin sukudireba, ɗaya bakin a ƙarfen akwatin, ka zura ta ƙarƙashin robar nan har ka ji ta ce tas. Kafin nan ba a taɓa komai. Malam yana da ƙa'ida biyu da bai taɓa wasa da su ba a gida: hannu ɗaya a aiki, ɗaya a gadon baya, kuma takalmin roba a ƙafa. Lokacin 'yata Yagana ta fara rarrafe, kuma duk abin da ke ƙyalli bakinta take kai shi. Da ɗankwali nake ɗaure ƙugunta a jikin turmi, in share zauren, in sake sharewa, in bi da tafin hannu ko akwai ɗigon dalma ko tsinin gilashi. Malam yakan ce zan cinye tsintsiyar garin.

Amma ba wuta ce babban abin tsoron mai gyara ba. A ce masa ɓarawo shi ne. Mutum ya kawo maka akwatin da bai san cikinsa ba, ka buɗe, ka rufe. Idan ya sake lalacewa, abu na farko da zai zo ransa shi ne ka cire mai kyau ka sa masa tsoho. Kuma gaskiya kowane mai gyara yana da matattun akwatuna a lungu, muna ce musu gawa, daga jikinsu ake cire kaya a rayar da wasu. Muddin da sanin mai su ne, ba laifi. To sai ga shekarar da komai ya yi tsada, can wajen ƙarshen shekarun tamanin. Jirgin Kano ya koma zuwa yadda ya ga dama, in ma ya zo babu kayan gyara a ciki. Mutane suka fara ɗiga jan farce a kan kayan cikin rediyonsu don shaida kafin su kawo. Wasu su zauna a kanka tun safe har ka gama. Wani mai gyara a cikin kasuwa aka ce ya musanya wa wani kaya. Ko ya yi ko bai yi ba, ban sani ba. Na dai san an watsar masa da shago a titi, kuma bai ƙara mako a garin ba. Daga ranar kowa a sana'ar ya san sunansa kaɗai ya rage masa.

A cikin bazarar shekarar ne wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofarmu. Daga wani ofishin aikin noma a Gashua take. Akawun ofishin, wani siriri mai suna Malam Garba, ya sa aka sauke abu biyu naɗe a cikin katifa. Ɗaya akwatin ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe, ɗayan kamar ƙaramar talabijin amma babu wurin kamo tasha. Shi ne abin da ake kira monita yanzu. Mu allon kwamfuta muka ji an ce.

"Mai Rediyo, wannan fa ba rediyo ba ne," in ji Malam Garba.

"Na gani."

"Kayan gwamnati ne. Baturen da ya kawo shi ya koma ƙasarsu. Rubutun rawa yake, yana ƙiftawa, har ido ya yi ruwa. Ga wata ƙara kamar ana soya abu."

Aka tayar da inji, Malam Garba ya haɗa wayoyin ya kunna. Na leƙo ta bayan labule. Rubutu ya fito kore shar a kan baƙi, a tsaye cak, ko motsi babu. Aka jira. Aka sha ruwa aka sake jira. Malam Garba ya rantse cewa jiya kamar mai zazzaɓi yake karkarwa.

Bayan sun tafi masallaci Malam ya buɗe. Cikinsa ba baƙo ba ne, kwalba ce da faranti kamar na talabijin, sai dai ya fi tsafta. Ya sauke wuta, ya bi ƙafafu da sabuwar dalma duk inda ya ga alamar tsaga, ya wanke da fetur. Ni ina riƙe da murfin. A cikin 'yan tsagogin da iska ke shiga ta sama na ga zare-zare ruwan ƙasa sun maƙale, irin na buhun algarara. Na shinshina murfin, wari yake kamar ɗakin da aka rufe da damina. A ƙafafun wajen robar nan mai kama da ƙaho kuma akwai wani gari kore-kore.

Na ce, "Malam, wannan abin ya sha danshi."

"Gashua ce, bakin kogi."

"Da bazara? Kogin da aka ce yara na tsallaka shi da ƙafa?"

"To a buhu suka naɗo shi."

"A katifa suka naɗo shi."

Ya ce in miƙo masa filaya.

Suka ɗauka suka tafi. Ba a yi mako ba motar ta dawo. Rawar ta dawo, in ji su, har ta fi da. Aka kunna a zaurenmu, rubutu a tsaye cak. Malam ya bar shi a kunne yini guda, man injinmu yana ƙonewa, bai ƙifta ko sau ɗaya ba. Suka sake tafiya da shi. Zuwan da Malam Garba ya yi bayan nan, shi kaɗai ya zo, babu kaya, kuma bai zauna ba.

"Manaja ya ce tun da ka buɗe shi ya ƙara lalacewa. Ana cewa akwai abin da ka cire."

"Me zan yi da kayan kwamfuta? A jikin wace rediyo zan sa?"

"Ni dai saƙo aka ba ni. Gobe ka zo ka gyara shi a gabanmu, can inda yake rawar. In ba haka ba, 'yan sanda za su zo su tambaye ka."

A bakin ƙofa ya faɗi wannan, da ƙarfi, mai shayin da ke gefenmu da duk masu zama a bencinsa suna ji. Kafin la'asar mutum biyu sun zo sun karɓe rediyonsu ba a gyara ba.

Da asuba Malam ya ce in ɗauko madubina.

"Ofis zan shiga da goyo?"

"To wa zai riƙe mini? Akawun?"

Yagana tana tari a kwanakin, ban yarda in bar wa maƙwabta ita ba. Na goya ta, na ɗaure da majanyi, na rungume madubin a ƙirji don kada gargadar hanya ta fasa shi. Da hantsi muka isa. A barandar ofishin akwai ɗan sanda a zaune a benci yana fifita da hularsa. Wani dattijo ya taso ya tarye mu, masinjan ofishin, ana ce masa Ba Aji. Haƙoransa jajaye, tsohon mai sayar da goro ne, kamar yadda na ji daga baya. "Wushe, wushe, sannunku da hanya," ya ce, ya ɗebo mini ruwa daga wata randa da ya naɗe da jiƙaƙƙen buhu. Ruwan sanyi ƙarara. Ya ce in ba yarinyar tukuna.

A ɗakin manaja kwamfutar take. Na'urar sanyaya ɗakin ta daɗe da mutuwa, don haka Ba Aji ya yayyafa wa simintin ruwa tun da safe, ƙasa duk a jiƙe. Takalma a jere a bakin ƙofa. Ɗakin babban mutum ne, kowa cire takalmi yake in zai shiga, ban da manajan. Malam ya cire nasa.

Na ce a hankali, "Malam, takalminka."

Ya kalli manajan, ya kalli akawun, ya ce, "Bari." Mutumin da ake zargi da sata ba zai shiga da takalmi inda akawu ya cire ba.

Aka kunna. A nan na ga rawar. Ba ta cikin waɗanda na sani. Rubutun yana kumbura yana motsewa, haske yana ɗaukewa yana dawowa, ga ƙarar suya daga baya, ga wani wari kamar lokacin da hadari ya haɗu ana walƙiya. Ma'aikata suka cika ƙofa. Wani ya ce, "Yau ga mai gyara da matarsa da 'yarsa, saura akuyar gida." Aka yi dariya.

Malam ya kashe, ya cire murfi, ya sauke wuta yadda ya saba, ya dudduba, bai ga komai ba. Irin wannan ciwo ba a ganin sa sai abin yana aiki. Ya ce a sake kunnawa. Na tsaya a gaba na ɗaga madubi. Ya sa hannun hagu a baya, ya zura na dama da sukudireba.

Daga inda nake tsaye ina ganin teburin. Inda aka ɗan matsar da allon, katakon ya yi baƙi, shatin gindinsa ya fito, gefe da gefe a kumbure kamar ƙofar da ruwan sama ya daka. Na buɗe baki in ce masa teburin nan a jiƙe yake.

Ban kai ga faɗa ba. Wuta ta bi ta danshin ta kama ƙarfen da gefen hannunsa ke kai, ƙafarsa kuma tana kan jiƙaƙƙen siminti. Hannun ya fizge da kansa. Sukudireba ta daki wuyan kwalbar, wanda bai fi wuyan kwalbar lemo kauri ba, ya karye, kwalbar ta ja iska fuu. Da hannun zai fito sai ya biyo ta kan karayar. Gilashin ya yanke shi a cikin wuyan hannu, ya yi zurfi.

Na ajiye madubin a ƙasa. Na kwance Yagana na miƙa wa wanda ya fi kusa da ni, Ba Aji ne. Na ɗaure hannun da majanyin, na ja da haƙori. Malam yana zaune a ƙasa yana kallon yatsunsa.

"Ya fasa shi," in ji manajan.

Malam Garba ya ce, "Da gangan ne, ranka ya daɗe. Don kada a gane abin da ya cire."

Ɗan sandan ya shigo yana gyara hula.

Ban taɓa yin magana a gaban maza masu yawa haka ba. Na ɗora tafin hannuna a kan teburin na danna, na ɗaga musu. A jiƙe. Na ɗauko murfin na zaro zaren buhu daga tsagar na ajiye a gaban manajan.

"Ranka ya daɗe, wa yake zuba wa wannan abin ruwa?"

Yagana tana ta kuka. Ba Aji yana jijjiga ta a kafaɗa. Ya ce, "Ba zubawa nake ba, 'yata. Rufewa nake."

Duk aka juya.

"Baturen da zai tafi ya ce zafi ne ajalinsa. Malam Garba ma ya ce mini in kula kada zafi ya taɓa shi. Da na'urar sanyi ta mutu, in an tashi aiki ɗakin nan kamar tanda yake. To sai in jiƙa buhu in matse in lulluɓa masa, da yamma in ƙara yayyafawa. Da sassafe in ɗauke kafin ku zo. Haka muke wa goro, ranka ya daɗe. Ko daga kurmi ya taso, in dai buhunsa bai bushe ba, lafiya lau zai iso." Ya kalli hannun Malam. "Matsewa nake yi sosai."

Shi ke nan duk ciwon. Dare ya shigar masa da danshi, da safe wuta ta riƙa tsallake ta kansa, rubutu ya yi ta rawa. In an ɗora shi a bayan mota zuwa Nguru, ranar hanya ta busar da shi, ya iso zaurenmu da lafiyarsa. Mu muna neman ciwo a jikin abin da hanya ta riga ta warkar.

Manajan bai ba Malam haƙuri ba. Ɗan sandan da ya zo tafiya da shi, shi ya kama shi ya sa a mota zuwa asibiti. An ɗinke, an tsayar da jini. Amma jijiyoyin sun yanke. Babban yatsa da manuni da na tsakiya ba su ƙara lanƙwashewa ba. Ba Aji kuwa a makon aka sallame shi. Na gan shi daga baya a tashar Nguru da ɗan faifan goro, buhu a jiƙe a kai. Ya tambaye ni tarin yarinya. Bai tambayi hannun ba, ni ma ban faɗa ba.

Sunan Malam ya fita daga zargi. Direban a-kori-kura ya baza labarin buhun a tasha, mutanen bencin mai shayi suka yi ta dariya, waɗanda suka karɓe rediyonsu suka dawo da su. Ba wanda ya sake ce mana ɓarayi. Aiki ya taru a zaure, babu hannun da zai yi shi.

Aikin farko bayan an kwance ɗinki, talabijin ɗin wani mai fataucin kifi ce, irin mai ɗaukewa sai an mara. Na gasa ƙarfe na miƙa masa. Ya karɓa, ya zame daga yatsun ya faɗi a kan tabarma, ta kama hayaƙi. Na ɗauke, na take wurin. Ya gwada da hagu, dalma ta malala ta haɗa hanya biyu. Ya daɗe yana kallon farantin. Yagana tana ɗaure a jikin turmi tana cin gefen zanenta.

"Ɗauko madubin," ya ce.

Na ɗauko na nufi gaba zan tsaya inda na saba. Ya miƙo hagu ya karɓa, ya tallafe gindinsa da bayan hannun daman.

"Sa takalminki. Koma baya."

Na koma bayan akwatin. Na shafa teburin da tafin hannu, na shinshina murfin, abin da har yau ba na buɗe komai sai na yi. Na sauke wuta har ta ce tas. Na gyara haɗin da dalma ta yi, na bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya yana faɗa mini inda zan duba, har na ga tsagar, siririya kamar gashi. Na cike ta. Muka kunna, na sa hagu a baya, na ɗaga kai na kalli madubin. Hoton ya fito, amma yana ɗan karkarwa.

Na ce, "Malam, hoton ne ke rawa ko hannunka?"

Ya leƙa fuskar talabijin ɗin, ya daɗe yana kallo.

"Hoton ya tsaya," ya ce. "Hannuna ne. Ci gaba."